Layi Shida da Ba a Buga Ba

Juma'a, 9 ga Satumba 1960, bayan La'asar

Manu mai jirgi ya dawo daga sama. Ya same ni ina goge bakin batirin rediyo, ya tsuguna ya yi ta jan gaisuwa kamar wanda ya zo biko, sai da na gaji na ce ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ce a Tungar Sambo gida biyu an gitta musu kara a ƙofa, ba shiga ba fita. Ya ce, "Malam, ciwon nan na da ba a hwaɗin suna nai." Na ce, agana? Ya dubi ƙasa.

Tungar Sambo kwana biyu ce a jirgi in an bi Kwara sama, daf da iyakar Dahome. Hanyar ƙasa ruwa ya cinye ta tun watan jiya. Can Goggo, ƙanwar mahaifina, take zaune, kuma a hannunta yarinyar take tun da aka yaye ta. Shekararta tara. 'Yata ce ta fari, don haka ban taɓa kama sunanta ba, uwarta, matata Mariama, ma haka. Littafin nan nawa ne ni kaɗai, amma ko a nan hannuna ya ƙi rubutawa.

Ban tambayi Manu ita ba. Na tambaye shi lafiyar Goggo, da awakin Goggo, da ko shinkafarsu ta tsira daga ruwa. Ya gane. Da zai tashi ya ce, "Gidan Goggo kowa lahiya lau, har ƙanana."

Ba a yi mata lambar rigakafi ba. Duk Tungar babu mai ita. Da sun hango mai kaki riƙe da littafi sai su ɗauka haraji ne, su tsallaka fadama zuwa ɓangaren Faransa, in ya tafi su dawo.

Asabar, 10 ga wata, da hantsi

Jiya kafin Magariba na kunna rediyo a gindin tsamiyar kasuwa kamar kullum. Rikicin Kwango, sai Kwango, sai kuma Kwango, sannan shirin bikin mulkin kai. Da na kashe na ce Manu ya gaya wa jama'a abin da ya gano. Ya miƙe ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba.

Kanta mai goro, wanda aka naɗa shugaban kwamitin biki, ya gyara zama ya ce, "Rediyo ya hwaɗi?"

Manu ya ce a'a.

"Jarida ta buga?"

A'a.

"To, Malam Bunyaminu da baki nai yac ce muna, abin da ba a buga ba jita-jita ta. Ko ba hakanan ba, Malam?"

Haka ne. Ni na faɗa. Shekara uku ke nan da na buɗe ajin yaƙi da jahilci, ni na rubuta shi a allo da alli don in jawo manya su zo su koyi karatu, na sa suka maimaita har suka haddace. Ban san ina saƙa wa kaina igiya ba. Aka watse ana musu a kan ko Kwango ta fi Sakkwato nisa da Makka.

Litinin, 12 ga wata, bayan Azahar

Na je wajen Ɗanmusa, malamin lamba. Yana da magani, ya ce zai ishi mutum ɗari biyu. Amma kwamiti ya roƙe shi ya tsaya kan sharar gari da shafa wa duwatsu farar ƙasa har ranar biki. Jirgin da zai iya hawa ruwa a cikar nan kuwa na Manu ne kaɗai, shi ma kwamiti ya kama shi, itace da shinkafa da 'yan kokawa zai yi ta ɗaukowa.

Na tafi rumfar Kanta. Dattawa huɗu suna wurin, duk abokan marigayi babana. Na yi bayani tiryan-tiryan. Kanta ya ce, "Bayan biki, Malam. Kwana nawa na? Kuma Tungar ga rabinta na Hwaransa na. Su da sunka samu nasu mulkin kai tun watan jiya, su aika musu da magani mana."

Magana ɗaya ce za ta raba gardama, kuma tana bakina. Da na ce 'yata tana can, da an yi shiru, da wataƙila an ba ni jirgin. Na buɗe baki na dubi gemun mutanen nan da suka san ni tun ina yawo ba wando, sai na ji ina cewa, "Allah ya kai mu." Ba su manta tana can ba. Sun sani sarai. Amma tunda uban bai ɗaga maganar ba, su ma sun taya shi kunya.

Na dawo na rubuta wa jarida wasiƙa. Layi ashirin a kan shirin bikin Bagudo, da tuta da kokawa da sunan Kanta, don ran Edita ya yi daɗi. Layi shida a ƙasa a kan Tungar Sambo. In aka buga, an gama. Na san mutanena.

Laraba, 14 ga wata, da safe

Ruwa tun asuba. Ba labari.

Juma'a, 16 ga wata, bayan an sauko masallaci

Mariama ba ta tambaye ni komai ba. Ta share tsakar gida sau uku yau, ta wanke tukwanen da ta wanke jiya. Da na shigo ta miƙo mini ƙunshi ta ce, "Malam, in wani za shi sama, ga daddawa a kai ma Goggo." Na karɓa na ji ya fi ƙarfin daddawa. Na kwance a zaure: laya ce a ciki, da 'yan awarwaro guda biyu, ƙanana.

Na mayar na ɗaure yadda ta ɗaure. Babu mai zuwa sama.

Litinin, 19 ga wata, kafin Magariba

Jarida ta iso. Na duba ta gaba da baya a tsaye, tun masinja bai sauke jakarsa ba. Babu. Ai da ma ya yi wuri, wasiƙar ma wataƙila ba ta wuce Birnin Kebbi ba. Na san haka, amma na sake dubawa.

Talata, 20 ga wata, bayan La'asar

Na karanta musu jaridar a gindin tsamiya. Mutum ya kai sittin. Kanta ya sa wa sabon jakinsa suna Kwango don taurin kai, aka yi ta dariya, har da ni. Wani tsoho da bai taɓa ƙetare Kaoje ba ya tare ni yana tambaya ko sojojin da aka tura can suna samun tuwo. Da gaske yake, har idonsa ya kawo ruwa. Mutanen nan ba marasa tausayi ba ne. Inda aka nuna musu da yatsa nan suke kai tausayinsu, kuma ni ne mai riƙe da yatsan.

Ranar Asabar Manu zai ɗauko 'yan kokawa.

Alhamis, 22 ga wata, da hantsi

Wani masunci ya ce kabari biyar. Wani ya ce bakwai. Ban tambayi na su wa ba.

A aji jiya Manu ya karanta layi guda cur daga littafi, shi kaɗai, ba wanda ya ɗora masa. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, yana bin baƙi da yatsa yana gumi kamar mai tuƙi a gaban ruwa. Da ya kai ƙarshe ya dube ni yana jiran yabo. Na ce madalla. Da wata rana ce da na sa an tafa masa.

Asabar, 24 ga wata, da rana tsaka

Na fita ban san inda za ni ba. Na je bakin fadama na dawo. Na je wajen Ɗanmusa na tarar yana auna tsawon sandar tuta da igiya, na gaishe shi na wuce. Na koya wa 'yan makaranta yadda za su ɗaga 'yan tutocinsu, kore fari kore, hannun dama, a ɗaga a sauke. Na yi wa wata yarinya tsawa don ta ɗaga da hagu, ta yi kuka. Sa'ar tawa yarinyar ce, ko ta ɗan girme ta kaɗan.

Na yi tunanin in ɗauki sanda in bi ƙasa. In na isa in yi me? Ni ba magani gare ni ba. Jaridar jibi nake jira. Jibi.

Litinin, 26 ga wata, kafin Magariba

An buga.

"Daga Malam Bunyaminu, Bagudo." Shafi na uku, hannun dama. Zan faɗi gaskiya tunda ba mai gani: daɗi na fara ji. Na dubi sunana sau uku, na shafa shi da yatsa, har na yi tunanin wa zan fara nuna wa. Sai daga baya na gangara ƙasa. Layi ashirin cif, ba su taɓa ko wasali ba, da tuta da kokawa da Kanta. Inda layi shida ya kamata su zauna, tallar sabulu ce, da hoton wata mata tana murmushi.

Ban zagi Editan ba. Mako ne na murna, wa zai zuba agana a cikin tuwon biki? Kuma ni na jera masa su haka, na sa tuta a sama na sa mutane a ƙasa. Ya yanke daga inda na nuna masa bai da muhimmanci.

Kwana goma sha huɗu na zauna ina jiran wannan takarda.

Talata, 27 ga wata, da sassafe

Wata mai sayar da busasshen kifi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta tsaya nesa ta ce Goggo ta ce a gaya mini baƙon nan da ba a faɗin sunansa ya shigo gida, yau kwana huɗu. Na ce Goggon ce ta kwanta? Ta ce a'a.

Mariama tana bayan zana, ta ji. Na ji taɓarya ta tsaya, can ta ci gaba.

Talata, daf da Magariba

Gara in rubuta tun da zafinsa.

Bayan La'asar na fita da jarida. Tsamiya ta cika, don labari ya riga ya bazu cewa Bagudo ta shiga jarida. Na karanta layi ashirin ɗin. Da na kai sunan Kanta aka ɗauki sowa, shi kuwa yana ta sunkuyar da kai yana cewa ba komai ba komai, bakinsa har kunne. Ya sa aka miƙo mini goro.

Ban ɗaga kai ba. Na sauke yatsa kan matar sabulu, na ci gaba da muryar da nake karatu da ita. Na ce, "Haka kuma labari ya iso mana cewa cutar agana ta ɓulla a Tungar Sambo, ta ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Dahome. Mutane suna mutuwa, yawanci yara. Babu wanda aka yi wa lamba a garin. Akwai magani a Bagudo, jirgi ne babu. Jama'a suna jira su ga abin da manyan Bagudo za su yi." Layin ƙarshen nan ba ya cikin wasiƙata ma, a take ya zo mini.

Kanta ya miƙe ya ce, "Wanga cikin jarida shike? Har Kaduna an gani? Har Ikko?"

Na ce duk inda jarida ke zuwa.

Ya ce, "Innalillahi! Ga sunana bisa, ga wanga ƙasa? A ce muna kokuwa mutanenmu na mutuwa? Ina Ɗanmusa? Manu, aje itacen ga, gobe da asuba ka ɗauke shi. Wa ka da gero shi kawo, wa ka da zane shi kawo!"

Kafin a kira salla an tara buhu uku. Tsohon nan mai tambayar tuwon sojoji ya kawo tabarmarsa. Maganar da Manu ya faɗa musu a tsaye, kwana goma sha takwas da suka wuce, ita ce dai, ko kalma ban ƙara ba sai ta ƙarshen. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Haushinsu nake ji, kuma ina son su, kuma na fi jin haushin kaina.

Ana watsewa Manu ya matso ya ce, "Malam, gwada man wurin in gani da idona." A gaban mutum biyar. Ba yadda zan yi, na miƙa masa. Ya ɗora yatsa daidai inda nawa ya tashi, leɓensa yana motsi. Na ga bakinsa ya yi sa, ya yi bu, ya yi lu. Ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ninke jaridar ya ba ni da hannu biyu ya ce, "Baƙin ga ƙanana na, idona bai kai ba. Ka taho da ita gobe, Malam. Mutanen Tunga ba su tsayawa sai sun ji daga gare ta."

Laraba, 28 ga wata, da Azahar, cikin jirgi

Ruwa ya yi ƙarfi, muna bin gefe. Ni da Ɗanmusa da Manu da matuƙa biyu. Ƙunshin Mariama yana cikin rigata. Da za mu fito ba ta ce a gaida kowa ba, ta dai riƙe bakin ƙofa.

Na tambayi Ɗanmusa, in da ranar sha biyu ga wata muka taho fa? Ya ce lamba takan kama cikin mako guda. Ya juya yana gyara murfin akwatinsa.

Alhamis, 29 ga wata, bayan La'asar

Mun iso. Tun daga nesa suka hango kakin Ɗanmusa, mata suka fara saɓa yara suna nufar fadama. Na tsaya a kan jirgi na ɗaga jarida sama ina kira. Na karanta musu layi shida, yatsana a kan sabulu. Suka tsaya. Mai garin ya ce, "Tungarmu? Cikin takardar Gwamna?" Ya juya ya kira su da kansa, shi ya fara naɗe hannun riga.

Kabari goma sha ɗaya. Na ƙirga su ban yi niyya ba.

Juma'a, 30 ga wata, da hantsi

Mutum ɗari da arba'in aka yi wa lamba tun jiya, har da waɗanda suka tsallako daga ɓangaren Dahome. Ɗanmusa bai tambayi kowa ɗan wace ƙasa ne ba.

Ina da lambata tun ina makaranta, ba abin da zai hana ni shiga ɗakin. Na zauna a ƙofar gida ina riƙe wa Ɗanmusa akwati. Na ba Goggo ƙunshi na ce daddawa ce. Ta kwance ta gani, ta dube ni ta ce, "Bunyaminu, ni nar rene ka, ni nak koya maka kunyar ga. Yau ni ka ce maka ta isa. Tana ta tambaya ko kai na kaz zo."

Na ce sai an jima.

Asabar, 1 ga Oktoba, bayan Azahar

Yau ne. Can ana ta ɗaga tuta, na sani. Nan ba rediyo, ba mu ji komai ba sai kukan awaki.

Na shiga da hantsi. Ba zan rubuta yadda na same ta ba. Ɗanmusa ya ce yana sa ran za ta tashi, don tana shan kunu. Idanun ne. Sun kumbura sun rufe ruf, ya ce sai kumburin ya saɓe za a san abin da ke ciki, kuma na hagun bai kwanta masa a rai ba. Goggo ta sa mata awarwaron a hannu guda, inda ƙurajen suka yi sauƙi.

Na zauna a bakin tabarma. Ta juyo da fuska wajen motsina ta ce, "Malam, kai na?"

Na ce ni ne.

"Goggo ta ce an sa Tungarmu cikin jarida."

Na ce an sa.

"Karanta man."

Na zaro ta na buɗe, don ta ji ƙarar takardar. Na karanta mata layi shida a hankali, na tsallake na mutuwa. Da na gama ta ce, "Ba a sa sunana ba?"

Goggo tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya. Na dubi matar sabulu tana ta murmushinta. Na ce an sa, ga shi nan a can ƙasa, ban kai ba ne. Na gyara murya na karanta: "Cikin waɗanda suka kwanta akwai Sakinatu, 'yar Malam Bunyaminu na Bagudo, 'yarsa ta fari."

Shekara tara, yau na fara jin sunan a bakina. Ba shi da nauyin da nake zato. Goggo ta ajiye ƙwaryar ta fita.

Ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara, na ƙara, sau uku. Sannan ta lalubo gefen jaridar ta riƙe ta ce, "Ka aje man ita. In idona ya buɗe ka koya man karatu, in ga wurin da kaina."

Na ce to.

Na ninke ta na sa a aljihu, ba zan yar ba. Allah ya nuna mini ranar da Sakinatu za ta kama ni da wannan ƙarya.